Hannayen da ba su fito a hoto ba

Shekarun baya, muna ajin ƙarshe na makarantar tsakiya, wadda mu a can muke kira wusɗa, wani abu ya faru tsakanina da abokina wanda har yau in na tuna sai in ji kunya kaɗan, in yi dariya kaɗan. Na daɗe ina so in rubuta shi ina fasawa, don ban tabbata ko ina da hurumin ba da labarin ba. Kwanan baya na tambaye shi, ya ce in rubuta, da sharaɗin kada in rage nawa ɓangaren. To, zan yi ƙoƙari.

Garinmu ƙauyen Hausawa ne a bakin kogi, kusa da Abu Hujar, a ƙasar da Larabci ne harshen gwamnati da kasuwa. Ni da abokina unguwarmu ɗaya, malaminmu na allo ɗaya, bencinmu ɗaya a makarantar gwamnati. Tun yana shekara takwas ko tara wani abu ya same shi. Yakan runtse idanu da ƙarfi, ya fizgi wuyansa zuwa kafaɗar dama, wani lokaci har da ɗan sauti a maƙogwaro kamar na mai shaƙuwa. Ba ya faɗuwa, ba ya fita hayyacinsa, a lissafi ma duk ajin babu kamarsa. Abin dai yakan zo ne ba da izininsa ba. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi, mahaifinsa ya kai shi har Sinnar neman magani. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce ɗabi'a ce kawai, bulala za ta raba shi da ita. Yara kuwa suka sa masa suna ƙadangare.

Kafin mu kai shekara goma sha shida ya riga ya san yadda zai zauna da abinsa. A aji yana ƙarshen benci, gefen taga, don kafaɗarsa ta bugi iska maimakon ta bugi mutum. A masallaci yana ƙarshen sahu ta dama, jikin bango. Shayi rabin kofi ake zuba masa, in ya shanye a ƙara. Wanzaminmu ma ya saba da shi, yakan ɗaga aska ya ce, “Gama naka, in yi nawa,” ya jira fizgar ta wuce sannan ya ci gaba. Na taɓa tambayarsa yadda abin yake. Ya ce kamar atishawa ce da ta taru a wuya. Yana iya danne ta na ɗan lokaci, amma kamar nutso a kogi ne, duk daɗewarka a ƙasa, haka za ka fito kana haki.

Na ji wannan magana da kunnena. Ku riƙe ta, don ni ban riƙe ba.

Wata safiya nazir, wato shugaban makarantarmu, ya shigo da takardun neman shiga jarrabawar sakandare. Ya ce kowa ya kawo hotonsa na fuska, ido biyu a buɗe, kunne biyu a waje, kai a miƙe, za a liƙa a buga hatimi a kai. Ranar Alhamis mai zuwa takardun za su tafi. Wadda ba hoto a jikinta ba ta tafiya, mai ita kuma sai baɗi.

Ga abokina babu baɗi. Mahaifinsa ya fara gajiya da aikin hawasha, gonar auduga da yake riƙe da ita, kuma tun farkon shekara ya gaya masa, ba da faɗa ba: in ya ci jarrabawa ya wuce, in bai ci ba ya dawo ya karɓi fartanya. Mu duka mun san zai ci. Abin da ya tsaya tsakaninsa da jarrabawar shi ne ɗan hoton nan da bai kai tafin hannun jariri ba.

A lokacin mai hoto ɗaya muka sani, a Sinja, kusa da ofisoshin gwamnati. Akwatin katako ne da shi a kan ƙafafu uku. Waɗanda suka taɓa zuwa sun ce in ya cire murfin idon akwatin sai ya ƙirga har biyar, kuma a tsawon ƙirgar nan ko ƙiftawa ka yi hoton ya lalace. Ina jin haka tsoro ya kama ni, kamar ni ne mai larurar.

Ni mutum ne mai fargaba tun ina yaro. Nakan duba aljihuna sau uku kafin in yarda fensir na ciki. Don haka na ɗauki abin a matsayin aiki. Na yage takarda daga littafina na tsara jadawali: kullum bayan la'asar mu je gindin wata bishiya a bakin magudanar ruwa, ya zauna a kan dutse, ni in tsaya gabansa a matsayin mai hoto, in ƙirga. Ranar farko ya kai huɗu. Na rubuta huɗu. Na ce gobe biyar, jibi bakwai, don mu sami rara.

“Danne, ya zol, danne! Ga shi nan yana zuwa, na ga kafaɗarka ta fara,” in ji ni. Ya zol shi ne “mutumina” a Larabcin can.

“To in ka daina gaya mini fa?”

“In ban gaya maka ba ta yaya za ka sani?”

“Wuyana ne fa.”

Ranar ta uku ya kai uku. Ranar ta biyar ko “ɗaya” ban rufe baki ba ya fizga. Wuyansa ya yi tsami har ba ya iya waiwaye. Ni kuma na duba takardata na yanke hukunci cewa atisayen ne bai isa ba, na ƙara na safe.

Kakarsa ta wajen uwa tana gidansu. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai kaifin baki, sana'arta kaɗi da daddawa. Ita ba ta taɓa kiran abin nan ciwo ba, baƙo take ce masa. Shi kuma jikan nata, kamar yadda kakanni suke yi, maigida take kiransa. Da ta ga kwana biyar ba ya zama gida da yamma, ta tare ni a ƙofa.

“Kai malam ƙarami, ina kake kai mini maigida kullum? Kishi kake da ni? Audugata ta taru ba mai cire mini angurya.”

Na yi mata bayani dalla-dalla, har na nuna mata jadawalin. Ta karɓa ta juya shi sama da ƙasa, ta miƙo mini.

“Rubutunka da kyau,” ta ce. Ta koma cikin gida.

Ranar Talata muka hau lori zuwa Sinja. Ita ma ta biyo mu da ƙwaryar daddawa da ƙullin zare za ta kai kasuwa. Muka zauna a kan buhunan dawa, ni ina riƙe da farar riga guda da muka aro, wadda za mu saka bi da bi. Duk hanya ina tuna masa: numfashi a hankali, haƙora a haɗe, ido a kan akwati. Kaka tana tauna goro tana kallon gonaki. A bakin kasuwa ta sauka, muka wuce.

Mai hoton dattijo ne Balarabe mai furfura a gashin baki. Ya rataya baƙin ƙyalle a jikin bango, ga kujera guda, ga bokitin ruwa a ƙasa. Ɗalibai kusan goma muka tarar, wasu 'yan ajinmu, wasu daga wasu garuruwa. Na ce abokina ya fara shiga, ni zan zama na ƙarshe, don in tsaya in lura da shi.

Ya sa rigar ya zauna. Mai hoto ya gyara masa haɓa, ya koma bayan akwati, ya ce da Larabci, “Tsaya cak, ya walad,” wato yaro. Ni kuma na matso gefe ina raɗa, “Danne. Danne.” Aka cire murfi. Ɗaya, biyu, sai wuya ya tafi.

Dattijon ya mayar da murfin. Ya zura hannu cikin akwatin ta wani baƙin hannun riga da ke jikinsa, ya ɗan jima yana aiki, ya fito da takarda jiƙe ya ɗauraye a bokiti. Riga ta fito sarai. A saman rigar kuwa wani hayaƙi ne mai kunnuwa uku. Wani cikin yaran ya leƙa ya ƙyalƙyale da dariya, saura suka taya shi.

Aka sake. Wannan karon na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi na bin kuncinsa. Ya kai uku. Sannan abin ya ɓalle gaba ɗaya, ido da wuya da sautin maƙogwaro, sau huɗu ko biyar a jere. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wani mai jaki ya ce a kai yaron nan wurin malam, ba wurin mai hoto ba.

Mai hoto ya kira ni gefe, don ya ga ni ne mai yawan magana. Ya ce shi ba ya jin haushi, amma takardar hoto daga nesa take zuwa, kuma abin da ya rage masa daidai yaran nan ne. Zai gama da su, in ya rage guda ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Daga nan sai haƙuri.

Da na waiwayo abokina ba ya kan kujera. Na same shi a bayan ginin, ya tsuguna a inuwa, ya cire rigar ya ninke ta a kan gwiwa. Na tsuguna kusa da shi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Ka zauna sau biyu.”

“Kamar yaya?”

“Sau ɗaya naka, sau ɗaya nawa. Ka sa hula a na biyun. Wa zai duba? Ai mu da Larabawa ke kira Fallata duk kamarmu ɗaya a idonsu.”

Ya faɗa yana murmushi, amma ba wasa yake yi ba. Ina so in ce muku na ƙi ne don gaskiya da amana. Ina jin akwai wannan a ciki, ɗan kaɗan. Amma mafi yawa tsoro ne. Nan take na hango nazir yana riƙe da takardu biyu masu fuska ɗaya, na hango ɗan sanda, na hango mahaifiyata tana kuka. Na shiga lissafa masa hanyoyin da za a kama mu, na kai ta shida ko ta bakwai.

“Ya isa,” ya ce. “Na san ba za ka yi ba. Ni ma ba na so. Kawai dai hawasha ce ba na so fiye da haka.”

Ya runtse ido, ya fizga, ya sa bayan hannu ya share fuska.

A haka kaka ta same mu. Ta bar daddawarta wurin wata maƙwabciya a kasuwa ta biyo sawu, da mazarinta soke a ƙullin zane.

“Mi ya faru? Maigida, wa ya tuɓe maka riga a garin mutane?”

Na fara bayani. Ta ɗaga mini hannu.

“Kai na ji naka tun a lori. Bari in ji na mai wuyan.”

Ya gaya mata a taƙaice. Ta ce ya sa riga ya tashi. Muka koma, an gama da sauran yara, amma babu wanda ya tafi, kowa na jiran kallo. Ta gaida mai hoto da Larabcinta mai ɗingishi, ya amsa da “Marhaba, Hajja.” Ta zaunar da jikanta a kujera.

“To, sake shi.”

“Kaka, mutane.”

“Sake shi na ce. Baƙo ya zo tun safe kun hana shi gaisawa, ya za a yi ya zauna?”

Ya sake. Ya fizga, ya runtse, ya yi sautin, ya sake fizga, ban ƙirga ba, kuma wannan ne karo na farko a mako guda da ban ƙirga ba. Kaka ta juya ta fuskanci taron, hannu a ƙugu.

“Kun gani? To abin ke nan, ba wani. Wanda bai ƙoshi ba ya matso in sa a ƙara masa.”

Mai jaki ya ja jakinsa. Yaran suka sunkuyar da kai, wasu suka ja baya.

Sai ta kwance bakin mayafinta ta ciro curin auduga mai 'ya'ya a ciki, wadda ba a gurza ba, ta ɗora masa a cinya.

“Ga aikinka na kwana biyar da ka gudu ka bari. Cire mini angurya. Kuma kada ka duba, maigidan da ya san aikinsa ba ya duba hannu. Ni za ka duba.”

Mai hoto ya ce, “La, la, Hajja, kada ya motsa.”

“Ɗana, fuska aka ce ka ɗauka ko hannu?”

Ya tsaya, ya leƙa cikin akwatinsa, ya ɗago. Ya ce hoton a ƙirji yake tsayawa.

“To abin da ke ƙasan ƙirji nawa ne.”

Ta zagaya ta tsaya daidai bayan kafaɗar mai hoto, ƙanƙanuwa da ita, sai da ta yi ɗage. Ni kuma ta nuna mini bakin titi ta ce in je in ƙirga motoci. Ban tafi da nisa ba.

Daga inda na tsaya ina ganin yatsunsa. Sun shiga audugar kamar sun dawo gida, suna lalube, suna matso ƙwayar angurya, suna ajiye ta a gefen cinya, suna komawa. Kafaɗunsa suka sauko. Sai a lokacin na tuna cewa shekara da shekaru ina zuwa gidansu da yamma in tarar da shi a gaban kakar nan yana wannan aiki, muna hira, kuma ban taɓa lura cewa a wannan zama da wuya ka ga ya fizga ba. Ina zaton aikin gida ne kawai take sa shi.

“Dube ni nan,” in ji ta. “Wanga mummunan miji da Allah ya haɗa ni da shi. In hoton ya yi kyau kishiyoyi za su yi mini yawa, in ya ɓaci in huta.”

Mai hoto ya cire murfi a hankali, bai ƙirga da baki ba. Na ga leɓunansa na motsi. Ya mayar da murfin.

Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba wuyan ya fizga. Kaka ta ce, “Madalla, baƙo ya yi haƙuri, a ba shi ruwa.”

Takardar farko da ke fitowa daga irin wannan akwati a juye take, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Da aka ɗauraye ta sai ga abokina fari fat da baƙar riga, ido biyu, kunne biyu, kai a miƙe. Kaka ta leƙa ta ce ashe Bature take aure ba ta sani ba. Mai hoto ya yi dariya har da tari. Da ya juya ta ta koma daidai, sai ga ɗan murmushi a gefen bakin abokina, irin na wanda ake zagi yana jin daɗi.

Yanzu ga ɓangaren da aka ce kada in rage. Saura ni. Takarda ta ƙare, amma dattijon ya laluba ya samo wani guntu da ya yanke ya ajiye. Na karɓi rigar, jiƙe da gumin abokina, na zauna. Ni da na yi mako guda ina koyar da zama cak. Aka cire murfi. Ɗaya, biyu, uku, sai zuciyata ta ce anya maɓallin wuyan rigar nan a rufe yake? Na sunkuya na duba.

Hayaƙi mai kunnuwa uku.

Abokina ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, yana fizga yana dariya. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta tattara sauran audugar daga cinyar jikanta ta ɗora a tawa.

“Kai naka baƙon a ciki yake,” ta ce. “Riƙe.”

Mai hoto ya ce saboda Hajja zai buɗe sabon ƙunshi da ya ajiye wa ma'aikatan ofis. Haka aka ɗauki hotona na jarrabawa, ina lalube cikin auduga, ban ma iya cire ko ƙwaya ɗaya ba. Ranar Alhamis takardu biyu suka tafi.

Abokina ya ci jarrabawar, da maki fiye da nawa. Ya yi aikin koyar da lissafi har ya yi ritaya. Baƙon bai tafi ba, ko da yake ya rage zuwa da girma ya zo. Ya ce mini ranar farko a kowane sabon aji yakan tsaya gaban allo ya sake shi, ya ce wa yara, “Kun gani? To abin ke nan,” sannan ya ɗauki alli.

Bayan na shiga jami'a na ci karo da bayanin wannan larura a wani littafi, na ga likitoci suna da sunan da suke kiranta, na ga kuma an rubuta cewa matsa wa mai ita da yawan sa masa ido kan ƙara ta, shagala da aikin da hankali ya tattaru a kai kuma kan sassauta ta. Na rufe littafin na daɗe a zaune. Ni ba likita ba ne, kuma ba na cewa auduga magani ce, ko abin da ya yi wa abokina zai yi wa kowa. Wanda ɗansa ke da irin wannan ya nemi masana, yanzu akwai su. Abin da na sani kawai shi ne ina ƙaunarsa, ita ma tana ƙaunarsa, amma ni mako guda na yi ina kallon wuyansa, ita kuwa shekara takwas ta yi tana kallon yaron gaba ɗaya, har ta san lokacin da yake samun sauƙi, ta kuma mayar da shi aikin gida don kada ya ji ana yi masa jinya.

Kaka ta rasu muna aji biyu na sakandare. Hoton yana nan wurinsa, ya yi ja, da rabin hatimi a kusurwa. Duk wanda ya gani yakan ce, kai, malam yana yaro akwai natsuwa. Shi kuma ba ya gyara musu. Da na ziyarce shi bara ya ciro mini shi, muka sa tabarau muna kallo. Hoton ya tsaya a ƙirji, kamar yadda mai hoto ya faɗa. Ya sa yatsa a ƙasan takardar, inda babu komai sai tafin hannunsa, ya ce, “Kaka tana nan wurin.”